KOMA ƊAKINKI KI YI HAƘURI

 Yau ina so mu taɓa wata kalma wadda babu 'yar da aka kai gidan miji a ƙasar Hausa ba tare da an cusa mata ita a kunne ba, tun daga ranar sa lalle har zuwa daren da gwaggonninta za su juya su bar ta a bakin gado tana sharar hawaye. Kalmar nan ita ce haƙuri, ko hanƙuri kamar yadda bakinmu ya saba faɗi a nan Mafara da Bakura da Maradun. Uwa ta ce a yi haƙuri, uba ya ce a yi haƙuri, ƙawar amarya wadda ita kanta ba ta san komai ba ita ma ta ce a yi haƙuri. To ni tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce, shin haƙurin nan yana da iyaka kuwa? In yana da ita, a ina take? Kuma wa ke da ikon cewa an kai ta?

Kada wata ta ɗauka na zo ne in zuga matan mutane su tattara komatsansu. Wallahi ban raina haƙuri ba, kuma ba zan raina shi ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma ana samun rana su yi faɗa alhali gida ɗaya suke kwana. Wadda ta yi haƙuri da babun mijinta a shekarar da ruwa ya cinye shinkafa a fadama, ta sha kunu ba sukari ta fito tana murmushi don kada maƙwabta su gane, wannan mace ce, kuma ladanta yana wurin Allah. Wadda ta jure saurin fushin maigida, ko yawan shirunsa, ko son jikinsa, ko zuwan abokiyar zama, ita ma ta yi abin da ake yabo. Gidajen da muka tashi a cikinsu da irin wannan haƙurin aka gina su, ba da siminti ba.

Amma akwai wani abu da ake sa wa rigar haƙuri alhali ba shi ba ne. Yarinya ta zo gida da kumburarren ido, leɓe a fashe, goyo a baya, tun ba ta gama kwance goyon ba sai ki ji tsohuwa daga ɗaki tana cewa, "Mi kika yi mai? Ai namiji ba ya bugu banza. Tahi ki koma ɗakinki, mu ma haka munka yi har munka tsufa." Uba kuwa ko fitowa ba zai yi ba, sai dai ya aiko daga zaure cewa kada ta kwana masa a gida. Ta koma. Wata uku ta sake dawowa, wannan karon da hannu a ɗaure. A sake cewa ta koma. To don Allah wa wannan haƙurin yake amfana? Ita dai ba ta ƙaru da komai ba sai tabo. 'Ya'yanta suna girma suna kallon ubansu yana jan uwarsu a ƙasa, namijin cikinsu yana koyo, macen tana koyon cewa haka aure yake. Shi kansa mijin ba a taimake shi ba, don kullum aka mayar masa da ita ba tare da an ce masa uffan ba, an ƙara masa ƙarfin gwiwar ɗibar zunubi ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zaluncin. A ganina haƙuri na gaskiya ana yinsa ne a kan abin da Allah Ya jarrabi bawa da shi, ko a kan ajizancin ɗan Adam wanda kowa yake da nasa. Wanda ake yi don mugu ya ji daɗin ci gaba da muguntarsa, sunansa daban.

Abin da ya tayar mini da wannan magana, za ku yi mamaki, ƙasar Indiya ce. Mu dai a fim muka san su. Kowaccenmu ta ga ango da amarya an ƙulle gefen tufafinsu suna zagaya wuta sau bakwai, ana watsa musu furanni, ana cewa auren ya ɗauru har rayuwa bakwai. A wurin manyan gidajen mabiya addinin Hindu, a da can, aure ba ya mutuwa sam. Ko me miji yake yi, mace tana nan. Sai a 1955 majalisar ƙasar ta yi dokar auren Hindu wadda ta buɗe ƙofar rabuwa ta hannun kotu, a kan dalilai irin su zina, ko hauka, ko barin addini, ko ɓacewar mutum shekara 7 ba labari. Amma a lokacin, wadda ake gallaza wa iyakar abin da za ta samu shi ne a raba musu wurin zama, igiyar tana nan a wuyanta. Sai da aka ƙara shekara 21, a 1976, sannan aka gyara dokar aka ce gallazawa ita kaɗai ta isa a kashe aure, ko mace ce ta kawo ƙara ko namiji.

Abin sha'awa, dokar ba ta faɗi mece ce gallazawa ba, ta bar wa alƙalai su auna. Sai suka yi ta aunawa shekara da shekaru. A 1987 wata mata mai suna Shobha Rani ta kai maganarta har Kotun Ƙoli, cewa miji da iyayensa sun dame ta da ta je gidansu ta karɓo musu kuɗi. Kotu ta ce wannan gallazawa ce, ta kuma ce ba sai an tabbatar miji ya yi niyyar cutarwa ba, abin dubawa shi ne abin da aikinsa ya yi wa matar. Da na ji wannan sai na tuna da amaren da ake yi wa gorin gara a garuruwanmu, dangin miji su zo su buɗe buhu su ƙirga, su leƙa ɗaki su taɓe baki don gadon ba na yayi ba ne, yarinya ta shekara tana shan habaici a kan abin da ubanta bai da hali. A 2007 kuma Kotun Ƙolin ta yi shari'ar Samar Ghosh da matarsa Jaya Ghosh, kuma a nan mijin ne ya kawo kuka. Alƙalan suka jero misalan gallazawar da ba ta barin tabo a jiki, irin su wulaƙanci da cin mutunci na yau da gobe, da yin ko oho da mutum da gangan, da ƙaurace wa shimfiɗa na tsawon lokaci ba da wani uzuri ba. Amma suka ja kunne cewa ƙananan saɓani da kishi da ɓacin ran da ba a rasawa tsakanin miji da mata, waɗannan ba su isa a rushe gida ba.

To ku saurari inda labarin ya juyo kanmu. Musulmin Indiya mafi yawansu 'yan mazhabar Abu Hanifa ne, kuma a yadda ake hukunci da ita a can a da, mace ba ta da hanyar da alƙali zai raba ta da miji don yana cutar da ita. Abin ya kai wasu mata suna fita daga Musulunci don kawai auren ya warware su huta. Hankalin malamai ya tashi, cikinsu har da babban malamin nan Ashraf Ali Tanawi, suka duba suka ga mafita tana cikin mazhabar Imamu Malik. Da ita aka gina dokar 1939 wadda ta bai wa Musulmar Indiya damar neman rabuwa idan miji yana dukanta, ko yana ƙuntata mata rayuwa ko da bai taɓa jikinta ba, ko yana da mata fiye da ɗaya ba ya adalci. Misira ma a 1929 daga Malikiyya ta ɗebo wannan hukunci. Wato abin da wasu ƙasashe suka yi tattaki suka aro, mu a gidanmu yake, a cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan unguwarmu tun kaka da kakanni. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.

Ga abin da ke cikin littattafan, a taƙaice, yadda na ji daga bakin malamai. Malaman fiƙihu suna kiran abin darar, wato cutarwa. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda shi ne madogarar alƙalan ƙasar nan, ya tabbatar wa mace haƙƙin a raba ta da miji saboda cutarwa, ko da shaidu ba su ce abin ya maimaitu ba. Sau ɗaya in ya tabbata ya isa. Shehu Dardiri, malamin Misira da ya rasu a 1786, da ya zo sharhi sai ya kawo misalai: duka ba bisa haƙƙi ba, ƙaurace mata ba dalili, zaginta, da zagin mahaifinta. Ku ji fa, zagin uba! Abin da wasu mazan suka mayar kamar gaisuwar safe. Wasu malaman suka ƙara da daina yi mata magana da juya mata baya a shimfiɗa. Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba su sa ƙarin aure a cikin cutarwa ba, don haka wadda aka yi wa kishiya ba ta da wannan hujjar, sai fa in an tauye mata kwana ko ci da sha. Idan cutarwa ta tabbata, zaɓi yana hannun matar. In ta ce tana son mijinta, gyara kawai take nema, alƙali ya tsawata masa ya hore shi, ta koma ɗakinta da mutuncinta. In ta ce ta gaji, a sake ta saki ɗaya wanda ba shi da kome, ba zai wayi gari cikin idda ya ce ya mayar da ita ba, sai da yardarta da sabon sadaki. Kuma ba za ta biya shi ko sisin kwabo ba.

Wannan maganar ta biya ita ce inda aka fi cutar mata, don haka bari in daɗe a kanta. Akwai hul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya. Asalinsa sananne ne. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Habiba 'yar Sahlu, matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda Annabi ya fito sallar asuba ya tarar da ita tsaye a ƙofarsa cikin duhu, ta shaida masa zamanta da Sabitu ya ƙare. A ruwayar Buhari matar Sabitu ta ce ba ta zarginsa a hali ko addini, ita dai ba ta iya zama da shi, sai aka ce ta mayar masa da gonar da ya ba ta ya sake ta. Ku lura, ba a ce mata koma ki yi haƙuri ba. Hul'i ke nan: na macen da mijinta bai yi mata laifi ba, zuciyarta ce ta ƙi. Tunda ita ta janye, adalci ne ta mayar da abin da ta karɓa. Amma wadda aka doka, aka zaga, aka bari da yunwa, a kan me za ta biya? A cuce ta kuma ta sayi kanta? Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibi ke shiga bayan ya gama Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta fayyace cewa in mace ta fanshi kanta alhali cutarwa ce ta tura ta, to sakin ya tabbata, kuma a dawo mata da dukiyarta. Alƙur'ani kansa, a Suratul Baƙara da Suratun Nisa'i, ya hana a riƙe mace don a cutar da ita, ya hana a ƙuntata mata don a ƙwace wani abu daga abin da aka ba ta.

Na san wata baiwar Allah a wani ƙauye cikin ƙasar noman rani ta Bakalori, sana'arta turara shinkafa, ana kai mata kasuwar Talata a sayar. Da guminta take ci da kanta da 'ya'ya huɗu, shi kuwa maigidan in ya sayar da albasa sai dai a ga sabuwar waya. Bai tsaya nan ba, in ta yi magana ya ɗauko igiyar shanu. Da tura ta kai bango ta kai ƙara, aka aika masa sammaci, ya zo da babbar riga ya durƙusa yana "Allah gafarta Malam, ni ina son matata, ban taɓa ɗaga mata hannu ba." Aka tambaye ta shaidu. Ta waiwaya, babu kowa. Maƙwabtan da suka sha tsallako katanga suna ɓamɓare ta daga hannunsa, kowa ya ce ba ya shiga tsakanin miji da mata. Wanta da ya rako ta ya ce, "Ke dai ki biya shi ki huta, ƙanwata, zaryar ta isa." Ta sayar da awakinta biyu da babbar tukunyar da take sana'a da ita, ta biya, aka ba ta takarda. Ta fita daga aure ta fita daga sana'a rana ɗaya. Har yau in an yi zancen sai ta ce Allah Ya isa, ba ta san cewa shari'ar Allah ɗin ta riga ta isar mata tun a duniya ba, da an samu mutum biyu masu tsoron Allah sun buɗe baki.

A nan laifin ya dawo kanmu, mu masu ji ta bayan katanga. Malaman Malikiyya sun san cewa ba a dukan mace a kasuwa, a ƙuryar ɗaki ake yi cikin dare. Shi ya sa suka sauƙaƙa hujja. Tuhfa ta Ibn Asim, malamin Andalus da ya rasu a 1426, wadda alƙalanmu ke buɗewa kullum, ta nuna cewa cutarwa tana tabbata da shaidun gani, tana kuma tabbata da shaidar ji, wato labarin da ya bazu a unguwa har ya zama sananne a bakin mata da maƙwabta. In ma hujja ta gagara kuma ƙara ta yi ta maimaituwa, alƙali yana iya sa a zaunar da su kusa da mutanen kirki masu lura, in abin ya ci tura a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginta ɗaya daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, kuma a mazhabarmu waɗannan biyun suna da ikon haɗawa suna da ikon rabawa. Duk wannan tanadi ba ya aiki sai da bakin mutane. Ke da kika ji ihu jiya da dare kika ja bargo, gobe kika je kika ce mata sannu da jiki kamar zazzaɓi ta yi, ki sani shirunki yana cikin abin da ya ɗaure ta. Mun iya kai labarin gidan wance bakin rijiya da gidan biki, amma in aka ce zo ki faɗa a inda zai yi amfani sai mu ce ba ruwanmu.

Na san abin da wasu za su ce, cewa ai aya ta 34 ta wannan sura ta ambaci duka. Ta ambata, ba mai musu. Amma malaman da suka fi mu sanin ayar sun kewaye ta da sharuɗɗa har ta kusa zama ƙofar da ba a shiga: sai a kan bijirewa ta gaske, sai bayan nasiha da ƙauracewa sun gaza, sai wanda ba ya fasa fata ba ya karya ƙashi ba ya taɓa fuska, sai kuma in ana zaton zai gyara. Wane ne cikin masu igiyar shanu da wayar wuta ya tsaya ya cika waɗannan? Nana A'isha ta shaida cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Wanda yake son sunna ga ta nan. Abin haushi, dokar Final Kod da aka yi wa Arewa a 1960 ta zo da sashe na 55 wanda ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa inda al'ada ta yarda, muddin bai kai ga mummunan rauni irin karaya ko tsiyayar ido ba. Wato sai an fasa ido sannan hukuma ta gani. Fiƙihun da wasu ke yi wa kallon tsohon yayi ya fi wannan tausayin mace nesa ba kusa ba, tunda shi zagin ubanta ma ya ƙirga.

Mu Zamfarawa kuwa ya kamata mu fi kowa jin kunya a wannan fage. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, mata suna halartar majalisinsa har wasu malamai suka soke shi a kan haka, bai fasa ba. A littafinsa Nurul Albabi ya yi kaca-kaca da malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci kamar kayan aikin gida, ya kuma gargaɗi mata a kan masu yi musu wa'azin biyayyar miji kaɗai ba tare da sun koya musu biyayyar Allah da Manzonsa ba. Sannan a nan ne, ranar 27 ga Oktoba 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, aka fara aiki da ita a Janairun 2000, duniya duk ta juyo tana kallonmu. Kowa ya haddace hukuncin ɓarawo da na mashayi. Amma mata nawa aka tara aka karanta musu babin darar? Wa'azin da ake yi mana a gidan biki da rediyo, kashi mafi yawa a kan haƙƙin miji ne, aljannarki tana ƙarƙashin ƙafarsa, in ya kira ki ko kina kan tuwo ki sauke. Mun ji mun karɓa. To a karanto mana ɗaya shafin mana.

Da can al'ada tana da nata maganin, wato yaji da biko. Mace in ta ji wuya ta tafi gidan ubanta, miji ya kwana biyu ba tuwo ba ruwan wanka, ya aiko manya, a zauna a zaure a faɗa masa gaskiya, ya ba da haƙuri har da ɗan turmin zane, sannan ta koma. Ba cikakken adalci ba ne, amma birki ne. Yanzu fa? Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar nan, ƙauyuka nawa ne a Maradun da Bakura da Mafara suka watse? Kowa ya tuna daren 26 ga Fabrairu 2021 da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Yarinyar da gidan ubanta yake bayan daji, hanyar ma ba ta biyuwa. Wadda iyayenta suka yi gudun hijira suna raɓe a ɗaki ɗaya a cikin gari, su tara, ina za ta shimfiɗa tabarmarta? Uban da ya rasa gona da shanu, in ya ce koma ɗakinki, wani lokaci ba rashin tausayi ba ne, ba shi da mudun da zai ƙara. Mugun miji kuwa ya san haka sarai, ya san ba ta da wurin zuwa. Shi ya sa nake ganin a wannan zamani sanin hanyar alƙali da ta masu sulhu ya zama dole ga mace fiye da zamanin iyayenmu.

Iyaye kuma ina roƙonku da girman Allah, ku bambanta roƙo da umarni. Barira baiwa ce da aka 'yanta a Madina, shari'a ta ba ta zaɓi ta zauna da mijinta Mugisu ko ta rabu da shi, ta zaɓi rabuwa. Mugisu yana bin ta a titi yana kuka hawaye na jiƙa masa gemu. Annabi ya tausaya masa ya yi mata magana ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce a'a, ceto yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa, kuma aka ƙyale ta. Mugisu bai doke ta ba, son ta yake kamar ransa, amma Fiyayyen Halitta bai tilasta ta ba. To Baba, kai da kake cewa in ta sake dawowa za ka tsine mata, a ina ka samo ikon da Annabi bai yi amfani da shi ba?

Ban manta da ɗaya ɓangaren ba. Akwai mata masu gallaza wa maza, mu faɗi gaskiya ko a kanmu. Akwai mai bakin da ya fi wuƙa, mai gori, mai tara wa miji maƙwabta, mai hana shi kanta wata da watanni don bai sayo leshi ba. Akwai kuma wadda wani ya hure wa kunne a waje, ta zo kotu ta ƙaga duka don ta fita ba biya. Saboda irinsu ne shari'a ta nemi hujja, kuma daidai ne. Sai dai ku duba bambancinmu da Indiyawan can. Su namiji da mace duk sai sun je gaban alƙali sun kawo dalili. Mu kuwa namijin da aka cuta maganinsa yana bakinsa, kalma ɗaya ko 'yar takarda ya aiko yaro da ita, wani ma a waya yake turowa. Ba wanda zai ce masa kawo shaidu. Mace ita ce sai ta yi sammaci, ta yi kuɗin mota, ta tsaya gaban maza ta faɗi abin da take jin kunyar faɗa wa uwarta. Ƙofarta ɗaya ce kuma ƙarama, in aka toshe ta da "ba a kai miji ƙara" to me ya rage mata?

Saura igiya ta ƙarshe da ake ɗaure mata da ita, wadda ta fi duka zafi: "In kika fita, ki ajiye mini 'ya'yana." Mata da yawa da na sani ba don miji suke zaune ba, don wannan kalmar ce. Al'ada ce ta ba shi wannan baki, fiƙihu bai ba shi ba. A mazhabar Malik uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har a kai ta ɗakin mijinta, ci da sha da sutura da magani duk a wuyan uba gwargwadon halinsa. In uwar ta yi wani aure, riƙon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye, mahaifiyarta ce ke gaba, wato kakar yaran ta wajen uwa, muddin tana da lafiya da amana da wurin da za ta ajiye su. Wanda duk ya ce miki ba haka ba ne, ki ce ya buɗe Risala babin ciyarwa da riƙon yara ya karanta miki a gaban malamin unguwa.